Ruri ba ƙarfi ba ne

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta zama kamar karatun allo a fadodinmu: wai motar da ita ce mota, ta yanzu gwangwani ce. Mafarin zancen kuwa fim ne. An ga baƙar Dodge Charger ta 1970 tana ɗaga gaba cikin Fast and Furious, shi ke nan kowa ya zama makanike. To, mu aje fim mu yi lissafi.

Charger R/T ta 1969 injinta lita 7,2 ne, an ce doki 375 gare ta. Amma a lokacin, a Amurka, ana auna injin ne tsirara, ba a ɗora mishi sauran kayan da ke cin ƙarfinshi ba. Da aka sake ma'auni a 1972, dawakin kowa suka ragu a takarda. Toyota Avalon ta 2019, wadda muke yi ma dariya muna cewa motar alhazai, da injin lita 3,5 take ba da doki 301 a sabon ma'auni. Rabin ciki, gudu kusan ɗaya.

Sai shan mai. Tsohuwar takan sha wajen lita 20 a kilomita 100, Avalon ba ta kai 10 ba. Daga Maradi zuwa Yamai, ka lissafa da kanka. Su kansu Amurkawan, tsadar inshora da dokar hayaƙi ta 1970 da rikicin man fetur na 1973 suka sa suka saki waɗannan motoci. Mai abu ya gaji da abinshi, mu mi ya kai mu yi mishi kuka?

Babbar maganar ita ce rai. Ana cewa ƙarfen da ya fi kauri. Haba! A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009 suka yi karo. Mazaunin direban tsohuwar ya murƙushe, na sabuwar ya tsaya. Gaban motar yanzu da gangan aka yi shi ya lotse, don ya shanye bugun kafin ya iso ƙirjinka. Ga jakar iska, ga birkin da ba ya kafewa. Charger ta 1969 ba ta da ko ɗaya.

Gaskiya guda masu son tsohuwa suka riƙe: kafireto kowane makanike na bakin tasha yana kwance shi, ta yanzu kuwa sai an kawo kwamfuta. Wannan ba aibin mota ba ne, giɓin iliminmu ne. Maganinshi mu koyi lantarkin mota, ba mu koma 1969 ba.

Kyau dai tana da shi, ba musu. A kalle ta, a yaba. Amma ranar da za ka ɗauki tsohuwarka zuwa Damagaram cikin dare, ga jakai ga raƙuma bisa kwalta, ruri ba zai tsai da mota ba. Birki ne zai tsai da ita.