Filin Kallo da Wasa: Bayan ka kashe waya, me ya rage maka?

Tunda hutu ya matso, saƙonninku suka yi ta shigowa, kuma kusan duk tambaya ɗaya kuke yi: "Yaya, wane fim za mu kalla, wane gem za mu sauke?" Wani ɗan aji biyar ma cewa ya yi ya je wajen masu turi an cika masa memori da fina-finai, ya kwana uku yana kallo, amma yau ko sunan guda ba zai iya kawowa ba.

Wannan magana tasa ta tuna min da kaina. Lokacin da nake aji biyar, akwai wani gidan gem a bayan kasuwar unguwarmu. Kuɗin tara da ake ba ni can suke ƙarewa. Da an tashi makaranta sai mu zarce, mu yi ta buga ƙwallo har a kira magariba. Babu wanda yake cin ƙungiyata a layinmu, ina ta taƙama. Da sakamakon zango na uku ya fito, na sha ƙasa a lissafi da kimiyya. Mahaifina bai ɗaga murya ba. Ya duba takardar, ya dube ni, ya ce, "To, kofin da ka ci a can, kawo in gani." Ban da abin da zan nuna masa. Tun daga ranar nake auna kowane fim da kowane wasa da tambaya ɗaya: bayan na kashe, me ya rage min? Da wannan ma'auni na zaɓo muku na yau.

Fina-finai huɗu

Na farko shi ne The Boy Who Harnessed the Wind, wanda ya fito a 2019. Labarin gaske ne na William Kamkwamba, wani yaro ɗan ƙasar Malawi. Fari ya faɗa wa ƙauyensu, yunwa ta shigo, aka kore shi daga makaranta saboda iyayensa sun kasa biyan kuɗi. Bai zauna ya naɗe hannu ba. Ya riƙa zuwa ɗakin karatu yana duba littattafan kimiyya, har ya ga hoton injin da iska ke juyawa ya ba da lantarki. Da ƙarafan bola da itatuwa da kayan keken mahaifinsa ya haɗa nasa, yana ɗan shekara 14. Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ya shirya fim ɗin kuma shi ya fito a matsayin uban. Abin da ya fi taɓa ni shi ne rigimar da suka yi a kan keken. Uban bai ƙi ɗansa ba, tsoro yake ji kada a lalata abu ɗaya da ya rage wa gidan. Duk wanda ya taɓa kawo wata dabara a gida aka ce masa shirme ne, zai ga kansa a wajen. Masu karatun kimiyya kuma ku lura da yadda ɗan injin fitilar keke yake mayar da juyi ya zama wuta, domin darasi ne da zai zo muku a aji.

Na biyu, Queen of Katwe, na 2016. Shi ma labarin gaske ne, na Phiona Mutesi, yarinyar da ta tashi a Katwe, wata unguwar marasa galihu a birnin Kampala na Yuganda. Tallan masara take yi, ba ta zuwa makaranta. Ta faɗa wajen da wani malami, Robert Katende, yake koya wa yara wasan ces, wato darar Turawa, kuma da farko kunun da ake rabawa ne ya ja ta. A hankali ta gagari kowa, har ta wakilci ƙasarta a gasar duniya. A wannan wasa, ɗan ƙaramin soja in ya daure ya kai ƙarshen allo, sai a mayar da shi sarauniya, wadda ta fi kowa ƙarfi. A kan haka aka gina labarin. Lupita Nyong'o ce uwar, kuma 'yan mata ku kalli yadda take fama tsakanin tsare mutuncin 'ya'yanta da neman abin da za su ci. In da hali ku kalla tare da Mama.

Na uku na masoya finafinan Indiya ne: Taare Zameen Par, na Aamir Khan, 2007. Ishaan yaro ne ɗan shekara takwas da kowa ya yanke wa hukuncin daƙiƙanci. Malamai suna zaginsa, uba yana kwatanta shi da yayansa mai ƙoƙari, daga ƙarshe aka tura shi makarantar kwana don ya shiga taitayinsa. Sai wani malamin zane ya gano cewa yaron yana da wata lalura ce da ke sa haruffa su riƙa juye masa, ya kasa bambance wasu da wasu. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, hanyar koyar da shi ce ba a gano ba. Na san kusan kowane aji yana da wanda ake yi wa dariya in an ce ya tashi ya yi karatu. Bayan kun kalli wannan fim, ku sake duban abokin nan naku. Idan kuma kai ne, ka sani abin yana da suna, malamai sun san shi, kuma ana samun taimako.

Na huɗu, Hidden Figures, na 2016. Mata uku ne baƙaƙen fata, Katherine Johnson da Dorothy Vaughan da Mary Jackson, waɗanda suka yi aikin lissafi a hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, a zamanin da doka ta raba baƙi da fari har a banɗaki. A 1962, kafin John Glenn ya hau kumbon da ya kewaya duniya da shi sau uku, ya nemi Katherine ta sake bin lissafin da kwamfuta ta yi da hannunta kafin ya yarda ya tashi. Duk yarinyar da aka taɓa ce wa lissafi na maza ne, ga amsarta nan.

Wasannin da suka cancanci cajinku

Zan fara da ces, tunda mun yi maganar Phiona. Allo ne mai gida 64, kowa da 'ya'ya 16. Wanda ya taɓa zama wajen dattawa suna buga dara a ƙarƙashin bishiya ya san irin wannan tunani: kafin ka motsa, sai ka hango abin da abokin karawarka zai yi. Akwai manhajar Lichess, kyauta ce, babu talla a cikinta, ba ta cin data sosai, kuma tana da ƙananan gwaje-gwaje da za ka warware cikin minti biyu. Kada ku ɗauka wasan na wasu ne can. Tunde Onakoya, ɗan Najeriya da ke koya wa yaran unguwannin talakawa ces a Legas, ya yi awa 60 yana bugawa a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024, domin tara kuɗin karatun yara. Ribar ces ita ce haƙuri. Yana hana mutum gaggawar zaɓar amsar farko da ta faɗo masa, kuma wannan ita ce cutar da ke kayar da da yawa a jarrabawar JAMB.

Na biyu Minecraft, wanda kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ya kammala fitarwa a 2011. Duniya ce da aka yi da tubala, kai za ka haƙa, ka sare, ka gina. Babu wanda zai ce maka ga abin da za ka yi. Wani gida yake ginawa, wani gona, wani gari sukutum da ganuwa da kasuwa. Akwai wani jan gari a ciki mai aiki kamar wayar lantarki, da shi ake haɗa ƙofa mai buɗe kanta, wasu ma har na'urar lissafi suke ginawa. Mai sha'awar zama injiniya ko mai zanen gine-gine zai ji daɗinsa. Sai dai ba kyauta ba ne, kuma ku guji na jabu da ake saukewa daga shafukan da ba a sani ba, don ta nan ake cusa wa waya cuta.

Na uku tsoho ne, ya girmi wasu iyayenku ma: Tetris. Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙire shi a Mosko a 1984. Siffofi bakwai ne kacal suke faɗowa daga sama, kowacce da ƙwayoyi huɗu, kai kuma ka juya su ka jera, layin da ya cika ya ɓace. Yana koya wa ido hango inda abu zai zauna kafin ya iso. Minti goma ya isa, kuma baya buƙatar babbar waya.

Na san kuna jira in ambaci ƙwallo. To, ga ta: eFootball, wanda da ake kira PES, da EA Sports FC, wanda har zuwa 2023 aka sani da FIFA, da kuma Dream League Soccer ga mai ƙaramar waya. Har gobe ina bugawa. Daɗinsu yana wajen zama da aboki, a yi musu, a yi dariya, wanda aka ci ya miƙa wa na gaba. Wasa biyu ko uku a tashi. In ka tsinci kanka kai kaɗai cikin bargo ƙarfe ɗaya na dare kana cewa sai ka rama, to wasan ne ya fara buga ka.

Inda za ku taka a hankali

Da yawa kun tambaye ni Free Fire da PUBG. Ba zan yi muku ƙarya in ce ba su da daɗi ba. A Free Fire mutum 50 ake saukewa a tsibiri, wanda ya rage shi ya ci, kuma zagaye ɗaya bai cika wuce minti goma ba. Gajartar nan ita ce tarkon, domin kullum zuciya na ce maka ƙara ɗaya. Ga shi kuma ana hira da baƙin da ba ka san ko su wane ne ba. Kada ku ba kowa lambar waya, ko hoto, ko sunan makarantarku, komai daɗin bakinsa.

Abu na biyu kuɗi ne. Wasanni da dama kyauta ake sauke su, sannan su fara tallata maka akwati ko ƙunshi da za ka saya ba tare da ka san me ke ciki ba. Ka biya, ko ka dace da babban ɗan wasa, ko ka tashi a tutar babu. Hukumar da ke kula da caca a ƙasar Beljiyam ta yanke hukunci a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna caca ne. Daga nan zuwa manhajojin cacar ƙwallo ba nisa, kuma na ga yaran da suka fara da ɗari biyu suka ƙare da taɓa asusun iyayensu. Duk wasan da ya ce ka sa kuɗi ka gwada sa'a, goge shi a take.

Abu na uku lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su, jerin da ya fara aiki a 2022. Alamominsa uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, har abin ya ɗauki kamar shekara. Yawancin masu buga gem ba su kai nan ba, don haka kada kowa ya firgita. Amma in salla tana wuce ka, ko kana gyangyaɗi a darasin farko, ko ka fara ɓoye wa na gida awa nawa ka yi, to ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi. Ku kuma duba lambar shekaru da ake rubutawa a jikin wasa: 3, 7, 12, 16 ko 18. Ba ado ba ne, kuma ƙanenka ɗan firamare da ke leƙen wayarka ma yana gani.

'Yan aji shida, ku kam ku san WAEC da NECO ba sa jiran kowa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Fim ɗaya a ƙarshen mako ya ishe ku, sauran suna nan ba za su gudu ba.

Ga aikin hutu. Kowa ya zaɓi fim ɗaya ko wasa ɗaya, ko cikin waɗannan ko wanda shi ya fi so, har da namu na Kannywood. Bayan ka gama, ɗauki biro ka rubuta layi biyar da Hausa mai kyau: me ya faru, me ya burge ka, me ya rage maka, kuma wa kake ganin ya dace ya kalla. Ku aiko da sunan ajinku da garinku, waɗanda suka fi ma'ana za su fito a wannan shafi. Wanda ya rasa abin da zai rubuta a layi na uku, ya riga ya san hukuncin da zai yi wa abin da ya kalla.

Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa, Ya sa a yi hutu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.

Naku,
Yayanku na Filin Kallo da Wasa