Ranar Sallama A Rubuce Take, Ina Ranar Biya?

Ran da gwamnati ta ɗauki mutum aiki, ran nan ta san ranar da za ta sallame shi. Lissafin ba ya neman boka: shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Malamin firamaren da ya ɗauki alli a Karfi ta ƙasar Malumfashi a 1988, tun a 1988 ɗin aka san 2023 ba za ta fita ba sai ya ajiye. Kuma in ranar ta zo, ba a taɓa jin ofis ya makara ba. Albashi yakan tsaya cak a watan. In ma ya zarce da wata biyu bisa kuskuren magatakarda, a cikin haƙƙinsa za a zabtare, ko kwabo ba za a yafe ba.

To, gwamnatin da ta yi shekara 35 tana sane da wannan rana, me ya hana ta tanadi kuɗin mutum? Abin da ke ci mini rai ke nan. Kowace ƙa'ida a harkar fansho da aka ɗora wa ma'aikaci tana da rana da wata. Ya ba da sanarwar ritaya watanni kafin lokaci. Ya kawo takardar kama aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da ta shaidar haihuwa ko rantsuwar kotu, da hotuna, da BVN, da NIN. Ya bayyana ranar tantancewa, in bai zo ba a cire sunansa. Amma da an juyo kan abin da ke wuyan gwamnati, sai kalanda ta ɓace. Sai ka ji: "Baba, a ƙara haƙuri, ba a saki kuɗi ba." "Malam, sunanka bai fito a wannan rukunin ba." "Fayil ɗinka yana gaban oga." Wane wata zai fito? Allah masani.

A tsohon tsarin da ma'aikatan jihohi da ƙananan hukumomi suka daɗe a kansa, alkawarin a fili yake. Wanda ya cika shekara 35 yana da garatuti ninki uku na albashinsa na shekara, da fansho kashi 80 cikin ɗari har ƙarshen ransa. A ƙasar Malumfashi da Bakori da Ƙafur da Funtuwa, kowa ya san abin da tsohon ma'aikaci ke ƙullawa a ransa da wannan garatuti. Ba mota ba ce. Gona zai fansa ko ya ƙara, ya sayi shanun huɗa, ya ajiye taki tun da rani kafin ya yi tsada, ya rufa ɗakin da ya yi shekaru a tsaye ba kwano, ya aurar da 'yar da ta rage. Nan ƙasar masara ce da dawa da auduga da waken suya, kuma noma ba ya jiran sa hannun kowa. Kuɗin da bai zo kafin shuka ba, damina guda ta tafi. In ya yi shekara huɗu bai zo ba, damina huɗu aka ƙwace wa mutumin da ba shi da damina da yawa a gaba.

Ga kuma ɓarnar da ba a son a ambata. Garatuti ana lissafa shi ne da albashin ranar da mutum ya bar aiki, a biya shi da nairar ranar da aka ga dama. Wanda ya yi ritaya a 2020 aka biya shi a 2024, lambar da ke kan takarda ba ta canja ba, amma kuɗin ya mutu a hanya. A watan Mayun 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Litar fetur da ke ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi ta kai ga haura 1,000. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Wato gwamnati ta ci bashin buhu cike, ta riƙe shi har gara ta cinye rabi, ta miƙo ragowar ta ce an biya. Wa ya ci ribar jinkirin? Mai riƙe da kuɗin. Shi ya sa babu mai gaggawa.

Na san za a ce ai gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa a nan Katsina ta fitar da biliyoyin naira ta rage bashin garatutin da ta gada, kamar yadda gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta yi a Kano, inda ta tarar da bashin da ya kai naira biliyan 48. An yi, kuma duk wanda ya ji ƙarar alat bayan shekaru ya san daɗinsa. Amma ni bikin ne ke ƙona mini rai. A kafa rumfa, a tara tsofaffi, a kawo masu kyamara, a sa dattijo mai furfura ya riƙe makirfo yana "mun gode, ranka ya daɗe" kan kuɗin da guminsa ne. Muddin biyan haƙƙi ya dogara ga kirkin gwamna mai ci, to gobe in aka sami wanda ba shi da wannan kirki, tulin bashin zai sake taruwa, kuma babu dokar da za ta kama shi.

Dokar ma da ke akwai, wa ke bin ta? Sashe na 210 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa jihohi su sake duba fansho duk bayan shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi, wanda ya riga zuwa. Sashe na 173 ya ɗora wa gwamnatin tarayya irin wannan. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 18,000 zuwa 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024. A je a tambayi tsohon masinja ko leburan asibitin da ya yi ritaya tun zamanin soja sau nawa fanshonsa ya motsa, kuma da nawa.

Sai tantancewa. Hujjar ita ce 'yan fanshon bogi, kuma gaskiya ne akwai su. Amma wa ke ƙirƙirar su? Tsohon da ke Karfi ba shi da mabuɗin kwamfutar da ake shigar da sunaye. A 2013 John Yakubu Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, ya amsa laifi a shari'ar sama da naira biliyan 20, kotu ta ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mai da hukuncin ɗaurin shekara shida. Abdulrasheed Maina, wanda aka naɗa don ya tsabtace harkar fansho, a Nuwamban 2021 aka ɗaure shi shekara takwas kan halatta kuɗin haram. Ɓarayin suna cikin ofis mai sanyi, hukuncin kuma a kan mai ciwon gwiwa da zai hau mota tun asuba, ya bi ta Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya, ko ya sai da rai ya bi ta Ƙanƙara da Dutsin-ma, don ya je Katsina bin sawun fayil. A ƙaramar hukumar Malumfashi, inda aka shiga masallacin Unguwar Mantau aka kashe masu sallar asuba a Agustan 2025, sai wanda bai san ƙasar ba ne zai ɗauki fitar sassafe ƙaramin abu.

Wanda rashin lafiya ta kayar kafin lokaci kuwa, nasa ya fi muni, don shi ko layin ba ya iya tsayawa. A takarda akwai tanadi. Dokar fansho ta 2014 ta yarda mutum ya yi ritaya ya taɓa kuɗinsa kafin shekara 50 in likitoci sun tabbatar ba zai iya aiki ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF, kuma ta haɗa har da haɗarin da ya sami mutum tsakanin gida da wurin aiki. Malaman ƙauye nawa ne babur ya kayar a hanyar makaranta? Nawa ne a cikinsu aka taɓa gaya wa akwai irin wannan doka? Abin da muke gani shi ne mai shanyewar ɓarin jiki ana goyo shi ranar biyan albashi don a ga fuskarsa, iyali suna ɓoye ciwon har shekarun su cika, saboda sun san fita da wuri ma'anarta albashi ya tsaya yau, fansho kuma sai baba ta gani. In ya rasu, matarsa ta fita takaba ta shiga yawon takardar gado daga kotu zuwa ofis, ana ce mata "Hajiya, a turo namiji babba."

Masu tsara dokokin nan sun san abin da suka dafa, shi ya sa ba sa ci. An kawo fanshon karo-karo a 2004 zamanin Obasanjo, aka ce shi ne mafita. A 2011 aka fitar da sojoji da jami'an tsaron sirri daga ciki. A 2023 ma'aikatan Majalisar Tarayya suka sami tasu hukumar fansho. 'Yan sandan da suka yi ritaya kuwa har a Yulin 2025 suna kan titin Abuja suna roƙon a fitar da su. Tsofaffin gwamnoni da suka yi shekara huɗu ko takwas, jihohi da dama sun yanka musu gidaje da motoci. A maƙwabciyarmu Zamfara, sai da wasiƙar Abdul'aziz Yari ta neman alawus ɗin naira miliyan 10 a wata ta fito fili a 2019, sannan majalisar jihar ta soke dokar cikin 'yan kwanaki. Manomin da ya yi shekara 50 yana ciyar da kasuwannin Funtuwa da Bakori kuwa ba ya cikin lissafin kowa, fanshonsa 'ya'yansa.

Abin da nake nema bai kai shafi biyu ba. Dokar 2014 ta ba mai ɗaukar aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya zuba kuɗin fansho, in ya saɓa ya biya tarar da ba ta gaza kashi biyu cikin ɗari ba a kowane wata. Ashe an iya sa rana in an so. To a sa wa gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi tasu: kada a tsai da albashin mutum sai watan da fanshonsa zai fara shiga, garatuti kuma cikin kwana 90. Wani zai ce tarar jinkiri tana da warin riba. Na ji, a bar tara. A rubuta cewa in an wuce wa'adi, da albashin da mai wannan matakin ke karɓa ranar biya za a lissafa, ba na ranar ritaya ba. Tantancewa kuma jami'i ya tako zuwa Malumfashi da Karfi da na'urarsa, marar lafiya a same shi a gida, kamar yadda ake samun mu har ƙofar ɗaki lokacin rigakafin shan inna da lokacin neman ƙuri'a.

Mai girma ɗan majalisar da ke wakiltar Malumfashi a majalisar jiha, malamin da ya koya maka baƙi yana cikin masu jiran nan. Kafin ka zo Karfi yawon neman ƙuri'a na 2027, muna son mu ji ranar da ka gabatar da wannan ƙuduri, da sunayen waɗanda suka ƙi goyon bayansa.