Mai Sayar Da Kaya A WhatsApp, Kashe HDR Ɗin Nan

Yau maganar ta masu tallan atamfa, shadda da leshi ce ta waya.

Ka ɗauki bidiyon leshi ja jawur da iPhone ɗinka, a wayarka sai ɗaukar ido yake. Ka tura wa kwastoma, ta ce ai wannan kamar ya koɗe, ciniki ya watse. Kada ka ga laifinta, wallahi abin da wayarta ta nuna mata ke nan.

Tun daga iPhone 12 da ta fito a 2020, wayoyin Apple suna ɗaukar bidiyon HDR na Dolby Vision, kuma a kunne yake zuwa. A bidiyo na yau da kullum, ja da kore da shuɗi kowanne yana da mataki 256, idan an haɗa su kala miliyan 16.7 ke nan. Na HDR kuwa mataki 1024 ne, kala sama da biliyan ɗaya, ga ƙarin haske. Abin sha'awa ne, ban musa ba. Amma abin da kyamara ta ɗauka daban, abin da sikirin zai iya nunawa daban. Yawancin ƙananan wayoyi ba su da sikirin HDR, dole manhaja ta matse kalolin su dawo daidai ƙarfin wayar. In matsewar ba ta yi kyau ba, sai ja ya dusashe, fari ya yi fau har adon jikin yadin ya ɓace.

Shi ya sa ni a ganina, in dai bidiyon talla ne, kashe shi kawai. A iPhone shiga Settings, Camera, Record Video, ka kashe HDR Video. Masu Samsung ku duba HDR10+ a saitin bidiyo na kyamara. Ka sani fa, wanda ka riga ka ɗauka ba zai canza ba, sai ka sake ɗauka.

Wani zai ce to don me na sayi waya mai tsada? Kunna abinka ranar biki ko hawan sallah, bidiyon da za ka ajiye ka kalla a wayarka ko talabijin mai HDR.

Kuma kafin ka ɗora a status, tura wa ƙaramar wayar wani a gida, ka ajiye yadin kusa da sikirin ɗin a hasken rana ka gwada. In kalar ba ta zo ɗaya ba, sake ɗauka a inuwa, ba ƙarƙashin ƙwan lantarkin shago ba.