Tiepolo, Mai Zanen da Ya Mayar da Rufi Sararin Sama



A garin Wurzburg na ƙasar Jamus akwai wata fada da ba a hawa matakalarta da kai a sunkuye. Kana ɗora ƙafa wuyanka zai ɗaga da kansa, domin inda ya kamata ka ga rufi, sama ce a buɗe, ga gajimare fari da ruwan hoda, ga haske irin na hantsi, ga mutane da dabbobi sun yi cincirindo a gefe-gefe suna leƙowa ƙasa. Faɗin zanen ya kai murabba'in mita 600, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya da ya tokare rufin daga tsakiya. Wanda ya yi wannan aiki mutumin Italiya ne daga birnin Benis, sunansa Giovanni Battista Tiepolo, kuma a kansa sharhinmu na yau zai tsaya.

An haife shi a watan Maris na 1696. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai hannun jari a jirgin ruwa, ya mutu yaron bai fi shekara guda ba. Maraya ne ke nan aka kai shi koyon sana'a wajen wani mai zane, Gregorio Lazzarini. A 1717 sunansa ya shiga littafin ƙungiyar masu zanen Benis, a 1719 ya auri Cecilia Guardi, ita ma 'yar gidan zane ce, ƙaninta Francesco ya yi suna daga baya. Zanensa na farko-farko duhu ya fi yawa a ciki, kamar yadda ake yayi a lokacin. Sai da ya je garin Udine wajen 1726, ya yi wa babban limamin cocin wurin ado a fadarsa, sannan launinsa ya washe. Daga nan hannunsa ya faɗa, masu kuɗin Milan da Benis suka shiga layi.

Salon da ya taso a ciki shi ake kira Barok. Ya samo asali a Rum wajen shekarar 1600, lokacin da cocin Katolika da sarakuna ke son gini da zane su girgiza zuciyar duk wanda ya shigo, ya ji kansa ƙarami. Tiepolo ya zo ne a ƙarshen wannan yayi, ya karɓi girman, ya sauke masa nauyi, ya cika shi da iska da haske.

To amma masu sauraro, abin da ya fi taɓa ni game da mutumin nan shi ne irin wahalar da ke ƙarƙashin wannan sauƙi da ido ke gani. Zanen rufi irin nasa a kan ɗanyen yaɓe ake yinsa. Da sassafe magini zai shafa farar ƙasa a daidai wurin da mai zane zai iya gamawa a yinin, ba ƙari. Mai zane ya dama launinsa da ruwa, ya hau dandamalin katako can ƙololuwa, ya ɗaga kai, ya soma tsere da bushewar bango. Idan yaɓen ya sha launin ya bushe, sun zama abu guda, shi ya sa zanen ke daɗewa ɗaruruwan shekaru. Idan kuwa aka yi kuskure, babu gogewa, sai a farfashe wurin a sake yaɓe gobe. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da magini yana shafe ya san yadda bango ba ya jiran kowa. Ƙara da cewa launin da ke jiƙe ba shi ne zai fito ba idan ya bushe, kuma fuskar da kake zanawa a tazarar kamu ɗaya daga hancinka, daga nisan mita da yawa za a kalle ta, a karkace. Dole mutum ya riƙe dukan rufin a kansa alhali idonsa ɗan yanki kawai yake gani. Ruwan farar ƙasa na ɗiga a fuska, wuya na ciwo, haka Tiepolo ya yi kusan shekara hamsin.

Ba shi kaɗai yake yi ba, kuma wannan ma abin faɗi ne. A Benis yana da abokin aiki, Gerolamo Mengozzi Colonna, gwanin zana ginshiƙai da ƙofofin da babu su, har mutum ya kai hannu ya taɓa bango kafin ya yarda. Tare suka yi babban zauren gidan Labia, inda aka zana liyafar Kiliyobatira sarauniyar Masar. Sai kuma 'ya'yansa biyu, Giandomenico da Lorenzo, waɗanda suka tashi a gindin dandamali suna dama launi. Da su ya ƙetare duwatsun Alps a ƙarshen 1750 ya nufi Wurzburg, Lorenzo yana ɗan shekara 14.

Wanda ya gayyace su shi ne mai mulkin garin, Carl Philipp von Greiffenclau, wanda ya haɗa sarauta da limancin coci. Ƙasarsa ba ta taka kara ta karya ba a cikin ƙasashen Turai, amma burinsa ya fi ƙasar faɗi. Tiepolo ya fara da zauren sarki, da aka ga abin da ya yi sai aka miƙa masa rufin matakalar da magini Balthasar Neumann ya gina. Ya gama a 1753, ya rubuta sunansa da shekarar a jikin zanen.

Dabarar da ya yi a nan ita ce ya lissafa tafiyar mai hawa. Kana hawa sashen farko nahiyar Amurka ce a gabanka, mace da gashin tsuntsu a ka, zaune a kan kada. Ka kai tsakiya ka juya, sai Turai ta bayyana, da makaɗa da masu zane da hoton shi mai fadar ana ɗaga shi sama. Neumann na nan zaune a kan igwa, Tiepolo da ɗansa suna leƙe daga lungu. Asiya tana gefe a kan giwa. A ɗaya gefen kuwa mu ne. Ya zana Afirka baƙar mace mai kwarjini a kan raƙumi, wani ya durƙusa gabanta yana mata turare, fatake na sauke kaya, ga hauren giwa, ga jimina, ga biri na jan gashinta, ga wani tsoho da ke wakiltar kogin Nilu.

Tiepolo bai taɓa taka Afirka ba. Abin da ya sani ya tsinto shi ne a bakin tashar jiragen Benis, inda fataken Turkiyya da na gabas ke sauka, da kuma littattafan matafiya. Ni dai ba zan ɓoye muku ba, tsarin rufin ya ajiye Turai a matsayin inda ilimi da fasaha suka taru, sauran duniya kuwa masu kawo kaya ne. Wannan ra'ayin zamaninsa ne da na ubangidansa, kuma bai kamata kyan launi ya hana mu faɗinsa ba. Duk da haka idan ka dubi matar nan a kan raƙuminta, ba a wulaƙanta ta ba. Zamanta zaman sarauta ne, kuma hannun da ya zana ta ya ba ta lokaci da kulawa daidai da kowa a rufin.

Ya koma gida da ɗaukaka, aka naɗa shi shugaban makarantar masu zanen Benis na farko. A 1762, yana da shekara 66, ya amsa kiran sarkin Sifen Carlos na Uku zuwa Madrid. Ya bar matarsa a Benis ya tafi da 'ya'yan nan biyu, bai sake ganinta ba. Ya gama rufin zauren gadon sarauta a 1764, hannunsa bai yi rawa ba. Sai dai yayi ya riga ya juya. Tonon tsoffin biranen Herculaneum da Pompeii, wanda shi wannan sarki ne ya ɗauki nauyinsa tun yana mulkin Naples, ya sa Turai ta koma sha'awar zane mai natsuwa irin na Rumawan dā. Jagoran sabon salon, Anton Raphael Mengs, yana cikin fadar tun 1761, kuma kunnen manya na wajensa.

Aikin Tiepolo na ƙarshe mai girma zane bakwai ne na cocin San Pascual a garin Aranjuez. Ya gama su, ya yi ta jiran a kafa, bai ga kafawar ba. Ya mutu farat ɗaya a Madrid ranar 27 ga Maris, 1770. An rataye su bayan mutuwarsa, ba a jima ba aka ba da umarnin sauke su, aka maye gurbinsu da na Mengs da mabiyansa. Wasu an yayyanka su, wasu daga cikin guntayen suna gidan tarihi na Prado yau. Wannan ya yi mini ciwo, domin dattijon bai gaza ba, masu ba da aikin ne suka canza ra'ayi. Cocin San Martin da aka binne shi ma an rushe ta daga baya, kabarinsa ya ɓace.

Yaƙi ma ya ci nasa rabon. Bom ɗin Ostiriya ya rusa rufin da ya zana a cocin Scalzi ta Benis a 1915. Ranar 16 ga Maris, 1945, jiragen Birtaniya suka ƙone mafi yawan tsohon garin Wurzburg, wuta ta cinye jinkar fadar, amma ginin Neumann da ke ƙarƙashi ya riƙe. Wani hafsan sojan Amurka, John Skilton, ya nemo katako ya sa aka yi wa wurin rumfa kafin ruwan sama ya jiƙa yaɓen. A 1981 hukumar UNESCO ta sa fadar cikin wuraren tarihi na duniya, kuma har gobe baƙi na hawa matakalar nan, su juya a tsakiya, su tarar da matar tana nan a kan raƙuminta.