An bar jaki ana dukan taiki a kan ficewar Barcelona

Tun daren 6 ga Mayun 2025, da Inter Milan ta fitar da Barcelona daga gasar Zakarun Turai a wasan kusa da na ƙarshe, magana ɗaya ake ta nanatawa, daga masu sharhi a talabijin har zuwa gidajen kallonmu: wai Hansi Flick ne ya kashe ƙungiyarsa da hannunsa. Wai 'yan bayansa sun cika hawowa har tsakiyar fili suna barin bayansu wayam. Wai da Raphinha ya ci ta uku, da kocin ya ja yaransa baya sun tare gida, da yanzu wani labarin ake yi. An maimaita maganar har an daina tambayar hujjarta. Ni ban yarda da ita ba, kuma shaiduna su ne ƙwallaye bakwan nan da suka shiga ragar Barcelona a wasannin biyu. A zo a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Wasan farko an yi shi ne a filin Montjuic ranar 30 ga Afrilu, aka tashi 3-3. Ba a cika minti ɗaya da take wasa ba Marcus Thuram ya ci da dunduniya. Daga gefen dama Denzel Dumfries ya turo masa ita a ƙasa, 'yan bayan Barcelona kuwa suna tsaye gaban golansu, babu wanda ya haura ko'ina. Ta biyu daga bugun kwana ta zo, Dumfries ya tashi sama ya maka ta a raga. Ta uku ma bugun kwana ce, Dumfries ɗin dai ya sa kai. Ke nan a daren farko an ci Barcelona sau uku, kuma ko sau ɗaya ba a ci ta don wani ya tsere ta bayan layi ba. Da aka tsere ɗin ma, lokacin da Henrikh Mkhitaryan ya zura ƙwallo bayan hutun rabin lokaci, tarkon satar gida ne ya kama shi aka soke ta. Ƙiris ya rage, na sani, amma ai don a kama irin wannan ake ɗana tarkon.

A wasa na biyu a San Siro ne masu wannan ra'ayi suke da abin riƙewa, kuma ba zan ƙwace musu shi ba. A minti na 21 Dani Olmo ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ya ɗan yi jinkiri, Federico Dimarco ya ƙwace ta, ya zura wa Dumfries, shi kuma ya miƙa wa Lautaro Martinez ya tura ta raga babu kowa a gabansa. Fenaritin da Hakan Calhanoglu ya ci dab da hutu shi ma daga gudu ya samo asali, da Pau Cubarsi ya biyo Lautaro ya kwanta masa a ƙafa. Waɗannan biyun an ci su ne saboda filin da ke bayan masu tsaron baya. To, biyu ke nan. Sauran biyun da suka yanke hukunci fa?

Ƙwallon Francesco Acerbi a minti na 93 ya kamata kowa ya sake kalla a nutse. Dumfries ya yi karo da Gerard Martin a gefe, ya fita da ƙwallon, ya bugo ta ƙasa-ƙasa. A bakin raga mutum biyu ne: Acerbi, mai tsaron baya ɗan shekara 37 da ya baro gidansu ya taho neman sa'a, da Ronald Araujo wanda aka sako daga benci. Araujo yana nan, kafaɗa da kafaɗa da shi. Acerbi ya riga shi sa ƙafa, ƙwallo ta ɗaga saman raga. Ta Davide Frattesi a minti na 99 ma haka: Thuram ya juya Araujo a gefen da'ira, Mehdi Taremi ya ajiye wa Frattesi, shi kuma ya tsaya, ya yi kamar zai buga, ya saita ƙafar hagu, rigunan Barcelona kewaye da shi babu wanda ya taɓa shi. A cikin bakwai, biyar sun shiga ne a lokacin da 'yan baya suke daidai inda masu sukar Flick ke cewa ya ajiye su.

Abin da wannan lissafi ke nunawa a fili yake. Raunin Barcelona yana cikin da'irarta: tsallen kai, riƙe mutum a bugun kwana, riga abokin karo zuwa kan ƙwallo. Mai cewa ta ja baya ta tare gida yana tura ta ne ta zauna minti casa'in a wurin da ta fi kowane wuri rauni. Kamar ka ga wanda bai iya ruwa ba ne, ka ce tunda kwalekwalensa na tangaɗi ya sauka ya shiga kogin.

Kuma ciwon ba yau ya fara ba, wannan ne abin da ke ba ni takaici da saurin mantuwar mutane. A watan Afrilun 2018 Barcelona ta je birnin Rum da ci 4-1 a hannu. Kocinta Ernesto Valverde ya yi abin da ake cewa Flick ya kamata ya yi: ya ja baya, ya bar wa Roma fili, yana jiran agogo. Edin Dzeko ya ci, Daniele De Rossi ya ƙara da fenariti, Kostas Manolas ya ƙarasa su da kai a minti na 82, daga bugun kwana. Bayan shekara ɗaya aka je Anfield da ci 3-0, Liverpool ta rama huɗu, ta ƙarshen Divock Origi ya ci ta ne daga bugun kwanar da Trent Alexander-Arnold ya yi sauri ya buga, 'yan Barcelona na cikin da'irarsu suna kallon wani wajen. A waɗancan dararen babu Flick, babu layin da ya hau tsakiyar fili, akwai Messi, akwai Pique, akwai Busquets. Shekara bakwai ke nan bugun kwana da ƙwallon gefe suna fitar da ƙungiyar nan daga Turai, koci na tafiya wani na zuwa, amma sai a 2025 aka gano wai laifin salo ne.

Mutane kan ce ai Jose Mourinho ya nuna hanya a 2010, da ya zo Camp Nou da wannan Inter ɗin, aka ba Thiago Motta jan kati, ya tsare gida da mutum goma ya wuce. Gaskiya ne. Amma a tuna su wa ya tsare gidan da su: Lucio, Walter Samuel, Javier Zanetti, Maicon, Esteban Cambiasso, manyan maza da suka tsufa a wannan aiki. Tare gida sana'a ce mai zaman kanta, tana da mutanenta, ana shekaru ana koyonta. Flick wa yake da shi a daren San Siro? Cubarsi ɗan shekara 18 ne a lokacin, gwani wajen raba ƙwallo da karanta wasa, amma ba ƙaton da zai kwana yana ture-ture da Thuram ba. Jules Kounde ya ji rauni a wasan farko, Alejandro Balde ma yana jinya, don haka duka gefuna biyu na baya aro aka yi: Eric Garcia a dama, Gerard Martin a hagu, yaron da bai daɗe da baro ƙaramar ƙungiyar ba. Golan kansa, Wojciech Szczesny, ya riga ya yi ritaya aka kira shi a watan Oktoban 2024 bayan Ter Stegen ya ji ciwo a gwiwa. Dumfries ya ci biyu, ya bayar an ci uku, kuma duka ukun da ya bayar daga gefen da Balde ba ya nan suka fito. Wannan magana ce ta ƙarancin 'yan wasa, wadda tushenta ke cikin bashin da ya dabaibaye ƙungiyar har rajistar Olmo ta zama rigima a watan Janairun 2025. Ofishin shugaban ƙungiyar Joan Laporta ya kamata a kai wannan ƙara.

A duba kuma yadda salon yake aiki a waccan kakar, don da yawa daga masu zaginsa layin kawai suke gani. Idan 'yan baya suka hau, fili yana tsukewa, tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya ta ragu, sai Raphinha da Lamine Yamal su samu damar taso mai ƙwallo a gaba, Pedri da Frenkie de Jong na biye da su. Wanda aka takura ba ya samun sukunin ɗaga kai ya ga mai gudu. In ma ya buga, Inigo Martinez ya riga ya ja layin taku ɗaya gaba, mai gudun ya faɗa satar gida. Haka aka yi wa Real Madrid a Bernabeu ranar 26 ga Oktoban 2024, aka kama Kylian Mbappe sau takwas shi kaɗai, aka ci su 4-0. Da wannan salon aka doke Bayern Munich 4-1 kwana uku kafin nan, aka ci Madrid 5-2 a Jidda, aka sake cin ta 3-2 a wasan ƙarshe na Copa del Rey, aka ɗauki La Liga da ƙwallo 102. Kwana biyar bayan baƙin cikin Milan, Madrid ta fara cin su biyu, suka farke suka ci 4-3. Ƙungiyar da aka fitar tun a matakin rukuni a 2021 da 2022, wadda rabonta da wasan kusa da na ƙarshe tun 2019, wannan salon ne ya dawo da ita wurin. Ba adalci ba ne a ci moriyarsa wata tara, a yi masa tofin Allah tsine a dare ɗaya.

Kar kuma a manta wace Inter aka kara da ita. A wasanni takwas na zagayen farko ƙwallo ɗaya tak aka zura mata. Kafin ta haɗu da Barcelona, a wasa 12 sau biyar aka ci ta. Barcelona ta zura mata shida a wasa biyu, ta farfaɗo daga 2-0 a gida, ta sake farfaɗowa daga 2-0 a waje, kuma da ba don golan Inter Yann Sommer ba, wanda ya tare ta Eric Garcia a bakin raga ya kuma ture ta Yamal da yatsu a ƙarin lokaci, da adadin ya wuce haka. Ƙungiyar da ta saba jan baya ba ta dawowa daga irin wannan rami, balle sau biyu cikin mako guda.

Akwai masu ɗora komai a kan alƙalin wasa Szymon Marciniak, har da wasu 'yan wasan Barcelona. Wannan ma kauce wa gaskiya ne. Cubarsi ya taɓa ƙafar Lautaro, karon Dumfries da Martin kuwa irin wanda ake bari ne a wuce. Ba alƙali ne ya hana Araujo riga Acerbi ba.

Inda nake ganin Barcelona ta yi sake shi ne mintunan da suka biyo bayan ƙwallon Raphinha a minti na 87. Masu suka na cewa idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, kuma a nan ina tare da su, sai dai mun bambanta a kan irin rawar. Su suna nufin a koma baya a jeru. Ni ina nufin a riƙe ƙwallo. Ƙungiyar da ke da Pedri da De Jong, da ta fi kowa iya ɓoye tamaula, ba ta da dalilin barin wasa ya zama kai-kawo a wannan lokaci. Jim kaɗan kafin Acerbi ya farke, Yamal ya samu ƙwallo a gaba, ya buga ta daki turke. Da ta shiga an gama. Da kuma ya nufi kusurwa da ita, ko ya mayar wa na bayansa aka yi ta zagayawa, wataƙila Inter ba ta sake taɓa ta ba. Ba na zargin yaro ɗan shekara 17 da ya fi kowa wasa a dararen biyu. Aikin manya ne su yi masa tsawa ya lafa, kuma aikin koci ne ya koya musu yaushe ake kashe wasa da ƙwallo a ƙafa. Wannan gyara ne a cikin salon, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wanda har yanzu yake ganin tare gida ne kaɗai ke kawo kofin Turai, ya tuna abin da ya faru a Munich ranar 31 ga Mayu. Paris Saint-Germain ta Luis Enrique ba ta ja baya ta jira Inter ba. Ta hau kanta tun daga bugun farko, Ousmane Dembele na tsaye bakin da'ira yana jiran Sommer ya taɓa ƙwallo ya taso masa, 'yan baya sun matso tsakiya, Achraf Hakimi da yake mai tsaron baya shi ya fara ci daga bakin raga. Aka tashi 5-0, ratar da ba a taɓa gani ba a wasan ƙarshe na wannan gasa. Hanyar da Flick ya bi ita PSG ta bi. Bambancin shi ne PSG ta zo da Hakimi da Nuno Mendes lafiyarsu ƙalau a gefuna, da Marquinhos da Willian Pacho a tsakiya, mutanen da in an bugo ƙwallo sama suna cin karonsu.

Ƙwallo 24 aka ci Barcelona a wasa 14 na gasar, kuma wannan ya yi yawa ga mai neman kofi, babu musu. Hanyar rage su ita ce a samo mai tsaron baya mai tsalle da sauri wanda zai tsaya kusa da Cubarsi, a samo na biyu a kowane gefe don raunin mutum ɗaya kar ya sake buɗe ƙofa, a kuma ware lokaci a filin atisaye ana bugo kwana ana tarewa har abin ya zauna musu. Biyu na farko aikin daraktan wasanni Deco ne da Laporta, na ukun kuma yana wuyan Flick da mataimakansa.