Kafin Ka Tambayi Kyamara, Tambayi Mai Riƙe Da Ita



Akwai wata ɗabi'a a bukukuwanmu da nake so mu duba. In za a ɗauko mai hoto, tambayar farko ita ce wace irin kyamara gare shi. Da an hango Canon ko Nikon mai dogon baki rataye a wuyansa, shi ke nan, an ba shi aiki. Bayan biki a kawo hotuna, ga ango cikin farar shadda, fuskarsa baƙi ƙirin. Dalili kuwa, kyamara in ta ga fari da yawa takan rage haske, sai mai ɗauka ya ƙara da kansa. Wanda bai koya ba bai san wannan ba, kuma ranar ɗaurin aure ba ta dawowa.

Ga Dutsen Zuma a gabanmu, wanda ke bayan takardar naira 100 tun 1999. Kullum matafiya a hanyar Kaduna zuwa Abuja suna ɗaukarsa da wayoyi masu tsada, da tsakar rana ko cikin hazo, ya fito dishi-dishi. Wanda ya san aiki sai ya jira sanyin safiya ko la'asar, lokacin da haske ke zuwa daga gefe, tsagogin dutsen su fito.

Manyan masu hoto na Afirka ma da ƙaramin abu suka fara. Seydou Keita na Bamako, Kodak Brownie kawunsa ya ba shi a 1935. Ya buɗe shagonsa a 1948, yana ɗauka da hasken rana a tsakar gida. A nan Najeriya, Okhai Ojeikere da Brownie ya fara a 1950, daga baya ya ɗauki hotunan kitson mata kusan 1000. Yau aikinsu na rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Gaskiya ne kyamara mai kyau tana taimakawa, musamman da dare. Amma mu 'ya'yan 'yan kasuwa mun sani, sabon mudu ba ya koya wa mutum awo.

Shawarata, kafin ka biya kuɗi ka ce ya nuna maka tsohon aikinsa, na rana da na dare, ka dubi fuskoki. Kai kuma matashi mai son sana'ar, kada ka zuba jarinka duka a kyamara. Nemi gwani ka zauna ƙarƙashinsa tukuna.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.