Uwargida Da Motarta: Kafin Ki Ce "A Ƙara Gas", Tambayi Man Kwamfiresa

 

Duk wadda ke ɗauko yara daga makaranta da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu ta san darajar esin mota. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zafi kan haura digiri 40, ga cunkoso, ga jariri a baya yana tsala kuka. Ranar da esi ya fara huro iska mai ɗumi, magana ɗaya ce a bakinmu: "Gas ne ya ƙare, a je a ƙara."

Ni ma haka na yi bara. Sau uku ina kai motata wurin wani mai gyaran esi a bakin titi, ya ƙara gas, in biya, in tafi. Sanyin ya yi mako uku ya gudu. Bayan na ukun sai na fara jin gurnani daga gaban mota duk lokacin da na kunna esi. Ban kula ba, har ranar da kwamfiresa ta cije gaba ɗaya. Abin da na kashe wajen sauya ta ya kusa kuɗin makarantar yaro na zango guda. A wurin wani dattijon bakanike na gane cewa man da ke cikinta ne ya tsiyaye tare da gas ɗin, ta yi ta aiki a bushe.

Kwamfiresa ita ce zuciyar esi. Bel ɗin inji ke juya ta, ita kuma ta matsa gas ta tura shi ya zagaya cikin bututu, ya bi ta kondensa da ke gaban lagireto, ya shigo ƙarƙashin dashbod inda sanyi ke fitowa, sannan ya koma. A cikinta akwai ƙarafa masu gogar juna da gudu, don haka tana da nata man na musamman. Wannan mai daban yake da baƙin man inji, kuma ba shi da sandar gwaji da za ki zaro ki duba. Yana gauraye da gas ɗin ne, suna zagayawa tare.

A nan gizo ke saƙa. Esi rufaffen abu ne, ba ya shan gas kamar yadda inji ke shan fetur. In sanyi ya gudu cikin 'yan makonni, to akwai inda yake yoyo, kuma ƙofar da gas ya bi ya fita, ta nan mai ke binsa. Ga shi in gas ya yi ƙasa, ba ya iya ɗauko sauran man ya dawo da shi cikin kwamfiresa yadda ya kamata. Ƙara gas ba tare da an toshe yoyon ba, zuba ruwa ne a kwando.

Abin da za ki iya dubawa da kanki

Ki kashe mota, ki bari inji ya huce, ki ɗaga bonet. Bi bututun esi da ido, musamman mahaɗarsu, da jikin kwamfiresa, da fuskar kondensa. In kin ga wuri mai maiƙo da ƙura ta manne a kai ta yi baƙi, yawanci nan ne yoyon yake. Sai kuma kunne: gurnani ko ƙarar ƙarfe da ke tashi da zarar kin kunna esi, ta ɗauke in kin kashe. In kin ji haka, kashe esin ki sauke gilashi har ki isa gareji. Gumin rana ɗaya ya fi sayen sabuwar kwamfiresa sauƙi.

A ƙarƙashin bonet ɗin galibin motoci akwai 'yar takarda manne da ke nuna irin gas ɗin motar, da nauyinsa a giram, sau da yawa har da irin man. Ɗauki hotonta da wayarki ki ajiye.

Tambayoyi huɗu ga mai gyara

Na farko: "Malam, ta ina yake zuba?" Mai aikin kirki zai nemo yoyon da ruwan kumfa ko da wani rini da ke haskawa a ƙarƙashin fitila ta musamman, ya gyara, kafin ya ɗauko tukunyar gas.

Na biyu: "Wane mai za ka sa?" Yawancin motocin da muke hawa, na tsakiyar shekarun 1990 zuwa sama, suna amfani da gas R134a, man da ke tafiya da shi kuma ana kiransa PAG. Kaurinsa hawa-hawa ne, akwai 46, akwai 100, akwai 150, kowace kwamfiresa da nata. Sababbin motoci da yawa sun koma gas R1234yf mai nasa man daban. Motar da ke haɗa fetur da batir, irin Toyota Prius, kwamfiresarta da lantarki take aiki, sa mata PAG na yau da kullum haɗari ne. Ki tabbata kuma a gabanki aka buɗe robar man, domin PAG yana zuƙar laima daga iska, wanda ya daɗe a buɗe ya riga ya lalace.

Na uku: "Nawa za ka zuba?" Duk man da ke cikin esin ƙaramar mota bai cika wuce cikin kofin shayi ba. Aunawa ake yi, a mayar da gwargwadon abin da ya fita. In an sauya kwamfiresa, ana juye man tsohuwar a auna, a daidaita na sabuwar da shi. Mai in ya yi yawa yakan lulluɓe cikin bututu ya rage sanyi, don haka wanda ke tsiyaya mai duk zuwa da sunan kyautatawa, ɓarna yake miki.

Na huɗu: "Za ka zuƙe iskar ciki?" In an buɗe bututu, dole a sa injin zuƙa ya yi kamar rabin awa yana fitar da iska da laima kafin a cika gas bisa sikeli. In kuwa kwamfiresa ta riga ta mutu, a wanke bututun a sauya diraya, don kada ɓarɓashin ƙarfe ya kashe sabuwar.

Kada kunya ta hana ki tambaya, kuɗinki ne. In direba ko maigida ne zai kai motar, tura masa tambayoyin nan ta WhatsApp. Amma kada ki bari wani a gida ya kwance bututun da kansa, gas ɗin yana fitowa da ƙarfi, yana ƙona fata da sanyinsa, yana iya illata ido.

Ko da hunturu, ki riƙa kunna esi na minti goma kowane mako don man ya zagaya, robobin mahaɗa su kasa bushewa. Kuma komai sanyin esi, kada a bar yaro shi kaɗai a rufaffiyar mota, ko da kuwa shiga shago za ki yi ki fito.

Wace ce a cikinku ta taɓa faɗawa irin ramin da na faɗa? Ku ba mu labari a ƙasa don wasu su amfana. Sai mun haɗu mako mai zuwa, Allah ya tsare mana hanya, ya raya mana zuri'a.